Tsagar da ke bin ƙarfe: yadda tsatsa ke cin ginin siminti a Damagaram

Ranar da ɓallin siminti ya faɗo daga rufin ɗakin girkin kawuna a Sabon Gari, ba iska ake ba, ba ruwa ake ba. Cikin hunturu ne, da hantsi. Ɓallin ya kai faɗin faifai, ya dira kan murfin tukunya, Allah ya kiyaye babu kowa tsugune a wurin. Da muka ɗaga kai sai ga ƙarafa biyu a fili, sun yi jawur, suna ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Na hau kujera na sa farce na kankara, gari ya zubo mini a tafin hannu. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Kai yaro, ashe siminti ma yana da tasa garar?"

Gidan bai cika shekara 20 ba. Da la'asar aka kira wani magini ya duba. Ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce, "Alhaji, ai wannan ba komai ba ne, yaɓe ne ya saki. Buhu ɗaya da rabin baro na yashi, gobe kafin azahar na rufe maka shi." Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, abin da ya saba yi ke nan, kuma abin da masu gida ke son ji ke nan. Sai dai ba yaɓe ne ya saki ba. Abin da ya saki shi ne riƙon da ke tsakanin ƙarfe da kankare, kuma a kan wannan riƙon rufin gaba ɗaya yake tsaye.

Mu a Damagaram mun san halin ginin ƙasa. Kakanninmu da suka gina Birni da fadar Sarki sun san cewa bango yana son yaɓe kafin damina, azara tana son a duba ta saboda gara, indararo yana son a share masa hanya. Ginin ƙasa ba ya ɓoye ciwonsa. Da tsohon masallacin Birni ya rushe cikin ruwan Satumba na 2024, maganar da ta fi yawo a majalisu ita ce zamanin ƙasa ya wuce, a koma siminti a huta. Akwai gaskiya a ciki, amma kalmar "a huta" ce ke damuna. Kankare, wanda magina a nan ke kira beto, shi ma yana tsufa, yana ciwo, bambancin kawai shi ne nasa ciwon daga ciki yake farawa, ba ya fitowa fili sai ya yi nisa.

Kankare dutse ne na haɗi: siminti, yashi, tsakuwa da ruwa. In danna shi za a yi, yana ɗaukar nauyi mai ban mamaki. In ja ne ko lanƙwasa, ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Dal kuwa, wato rufin da ƴan uwanmu na Najeriya ke kira dakin, kullum cikin lanƙwasa yake: samansa na matsewa, ƙasansa na buɗewa. Shi ya sa ake shimfiɗa ƙarfe a wajen da ke buɗewa, ya karɓi jan da kankare ba zai iya ba. Wani mai lambu ɗan Faransa, Joseph Monier, yana cikin waɗanda suka fara wannan dabara, a 1867 ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti masu ragar ƙarfe a ciki. Abin da ya sa auren ya zauna shi ne, zafi yana miƙar da su biyun kusan daidai. In da ɗaya yana miƙewa ya bar ɗaya, da rana ɗaya ta watan Afrilu a garin nan ta isa ta raba su.

To amma ƙarfe ba ya amfanar da komai don kawai yana kwance a ciki, sai in kankaren ya riƙe shi gam. Ka ɗauki mai jan ruwa a rijiya. Igiyar sabuwa ce, gugan lafiyayye, amma in tafin hannunsa ya sha mai, guga zai koma rijiya, igiyar kuma ba ta tsinke ba. Haka ƙarfe yake cikin dal. Riƙon ta hanya uku yake samuwa: ɗan mannewar da siminti ke yi a jikin ƙarfe, gogayya, sai kuma babba a cikinsu, wato ƙusoshin nan masu kama da zanen jiki da ke kewaye da ƙarfen gini, waɗanda ke cije kankare kamar haƙora. Duk lokacin da aka ja ƙarfen, haƙoran suna tura kankaren da ke kewaye da su waje, suna neman tsaga shi. Kaurin kankaren da ya lulluɓe ƙarfen, da zobban da aka ɗaure shi da su, su ne ke hana wannan tsagewar.

Daga nan ne ƙa'idar haɗa ƙarfe da ƙarfe ta fito. In sanda ta ƙare za a ɗora wata, sai sun haɗa kafaɗa na tsawon da ya kai kaurin sandar sau 40 aƙalla, wani ƙarfen ma sau 50. Mai milimita 12 ke nan yana son santimita 48 zuwa 60, kamu guda da ɗoriya. Sau nawa muka wuce wurin gini muka ga an haɗa su taƙi ɗaya an murɗe da waya? Wayar ba ta ɗaukar nauyi, aikinta kawai ta tsayar da ƙarfen har a zuba. Haka nan baƙin man mota da ake shafa wa katakon kofaraj, wato wanda ake zuba kankare a cikinsa, don kada ya manne. In ya fantsama a jikin ƙarfe, an shafa wa mai jan ruwa mai a hannu ke nan tun kafin ya kama igiya.

Akwai wani alheri da kankare ke yi wa ƙarfe wanda ba kowa ya sani ba. Dubi hannun yaron da ya wuni yana kwaɓa siminti ba safar hannu: fata ta bushe, ta tsattsage, wani lokaci har da ƙuna. Ruwan da ke cikin siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, ya ma fi shi nesa ba kusa ba. A ma'aunin da masana ke kira pH yana kai wa wajen 13. Wannan kaifin da ke cin fatar mutum shi ne ke kare ƙarfe. Yana sa wata ƴar siririyar riga, wadda ido ba ya gani, ta lulluɓe jikin ƙarfen, tsatsa ta rasa wurin kamawa. Muddin rigar tana nan, ƙarfe zai yi shekaru aru-aru cikin kankare mai danshi ba abin da ya same shi.

Abu biyu ke yage rigar.

Na farko iska ce, wadda muke shaƙa ɗin nan. Akwai kabon dayoksaid a cikinta, wanda numfashinmu da hayaƙin babura da na itace ke fitarwa. Yana kutsawa ta ƙananan kafofin kankare, ya haɗu da sinadarin da ke ba shi kaifi, ya mai da shi farar ƙasa. Kaifin sai ya sauka ƙasa da 9. Abin yana farawa daga fata yana tafiya ciki sannu a hankali, kuma abin mamaki, kankaren da ya shiga wannan hali ba ya yin laushi, ƙara tauri ma yake yi. Ka buga masa guduma ka ji ƙarau, alhali kariyar da yake ba ƙarfe ta ƙare. Tafiyar tasa tana da wani lissafi da ya kamata kowane mai gini ya haddace: tana rage sauri yayin da take nisa, ta yadda in ka ninka kaurin lulluɓin sau biyu, ka ninka shekarun sau huɗu. A misali, kankaren da iska ke cin santimita 1 nasa cikin shekara 5, sai ta yi shekara 20 kafin ta ci santimita 2, ta yi 45 kafin ta ci 3. Tsakanin gidan da zai fara zubar da ɓalli tun mai shi yana da rai da wanda jikoki za su gada lafiya, wani lokaci kaurin yatsa biyu ne kawai. Injiniyoyi suna gane inda abin ya kai ta hanyar fasa ɗan wuri su fesa wani ruwa mai suna fenolftalin: inda kaifi yake nan sai ya rine ya yi ja-ja, inda ya mutu ba ya canza launi.

Na biyu gishiri ne, kuma ya fi na farko mugunta. Shi ba ya jira kaifin ya mutu, huda rigar yake yi a wuri ɗaya ya yi ta haƙa rami, har sanda ta kusa tsinkewa alhali taƙi ɗaya daga wurin tana nan sumul. Ba ya buƙatar yawa. In ya kai wajen giram 200 a kan kowane buhun siminti mai kilo 50, an shiga haɗari. Manyan masifun da duniya ta gani a wannan fanni galibi a bakin teku suke. Gadar Morandi ta birnin Jenowa a Italiya, wadda aka buɗe a 1967, ta karye ranar 14 ga Agusta 2018 ta kashe mutum 43, kuma masu bincike sun tarar tsatsa ta cinye wayoyin ƙarfen da ke binne cikin kankarenta. A Surfside ta jihar Fulorida a Amurka, bene ya rufta ranar 24 ga Yuni 2021 ya ci rai 98, bayan tun 2018 wani injiniya ya rubuta cewa ruwa na ratsa dal ɗin da ke gefen wurin ninƙaya, kankare na tsagewa yana ɓallewa.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Tsakaninmu da teku akwai wajen kilomita 1000. Ruwan da muke samu a shekara bai fi milimita 400 da wani abu ba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Gaskiya ne, kuma bushewar ƙasarmu rahama ce ga ƙarfe, domin tsatsa ba ta ci sai da danshi da iska tare. Ginshiƙin da ke tsakiyar falo, wanda ruwa bai taɓa taɓa shi ba, zai iya rasa kariyarsa gaba ɗaya ya kuma zauna lafiya. Amma wannan rahamar ce ke sa mu sakaci. Muna zuba kankaren da in a Kwatano ko Legas ne ba zai yi shekara 10 ba, ya tsaya mana, sai mu ɗauka aikin ya yi kyau. Iska kuwa ta riga ta gama nata aikin a ɓoye, ƙarfen yana zaune tsirara a ciki, jira kawai yake ruwa ya samu hanya.

Ruwa kuwa ba ya rasa hanya. Tankin da aka ɗora kan dal yana ɗiga dare da rana. Indararon da ƙurar hunturu da leda suka toshe ya mai da rufi tabki na kwana uku bayan kowane ruwa. Bututun banɗaki da aka binne cikin dal, ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke zubarwa a jikin bango, gindin ginshiƙin da ke kusa da wurin alwala ko makwararar wanka, tururin girki da ke taruwa a rufi kullum. Gishirin ma muna da namu. Rijiyoyin cikin gari da yawa ruwansu zartsi ne, kuma da shi ake kwaɓi in fanfo ya ɗauke. Akwai shagunan da ake jibge buhunan gishiri da kanwa da takin zamani a jikin ginshiƙi shekara da shekaru. Akwai lungun da ya zama wurin fitsari, na mutane ko na dabbobi. Je ka duba gindin ginshiƙan irin waɗannan wurare, daga ƙasa zuwa gwiwa, za ka ga inda suka kumbura suka dare.

Kumburin nan shi ne asirin abin da ya faru a ɗakin girkin kawu. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, sau biyu har zuwa sau shida. Tana tsirowa a wurin da babu sarari, sai ta yi ta tura kankare waje, shi kuwa mun riga mun ce ba ya jure ja. Ba sai ta ci da yawa ba: abin da bai kai kaurin takarda ɗaya ba in ya narke daga jikin sanda, ya isa ya tsaga siririn lulluɓi. Wani abin dariya, a farkon farawa tsatsa tana ƙara riƙo ne, domin tana cike ƴan kafofin da ke kewaye da ƙarfen ta matse shi. Daɗin ba ya daɗewa. Da zarar lulluɓin ya tsage, matsin ya tafi, haƙoran nan sun lalace, tsakanin ƙarfe da kankare kuma sai wani gari mai laushi kamar an barbaɗa toka. A nan ne mutane ke ruɗuwa. Sai a dubi ƙarfen a ce ai da sauransa, bai ko rage kauri ba. Ba kaurin ba ne ke fara tafiya, riƙon ne. Kuma dal ɗin da ƙarfensa ke riƙe yana yin gargaɗi kafin ya faɗi, ya lotsa, ya tsattsage, a samu a fita. Wanda ƙarfensa ya zame daga mahaɗa ko daga bakin ginshiƙi, lokaci ɗaya yake zuwa.

An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kankare maganar tana da gyara, domin ba kowace tsaga ce ƙofa ba. Kankare mai ƙarfe dole ne ya tsage kaɗan, ta haka ne ma ƙarfen ke karɓar nauyi. Ƴan siraran tsagogin da ke gitta ƙarfe a ƙasan dal ko a tsakiyar putur, wato gadar kankaren da ke kwance kan ginshiƙai, in ba su wuce milimita 0.3 ba, kaurin takarda uku ke nan, ƙa'idojin gini sun yarda da su. Suna taɓa ƙarfen a ɗigo ɗaya ne kawai, sau da yawa ma su toshe da kansu. Akwai wadda ke bin ƙarƙashin dal a kwance, daidai inda ya hau bango. Wannan yawanci aikin rana ne: dal mai tsawon mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana miƙewa da milimita 3 da ɗoriya, da dare ya koma, kullum yana goga bango. Ba ta rushe gida, amma tana shigar da ruwa. Akwai masu kama da ƙasan tabkin da ya ƙafe, waɗanda ke fitowa a saman dal tun ranar zubi saboda iska ta kwashe ruwan fuskarsa.

Biyu ne ba a wasa da su. Ɗaya ita ce wadda ta tashi a karkace kusa da inda putur ya hau ginshiƙi, kamar an sare shi da gatari. Wannan a tokare wurin a nemo injiniya, ba magini ba, kuma ba gobe ba. Ɗayar ita ce mai bin tsawon ƙarfe, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da igiya, a kusurwar ginshiƙi ko a ƙasan dal, sau da yawa da jan tabo a gefenta kamar an zubar da ruwan goro. Ita ba ƙofar shigar ƙadangare ba ce, alama ce ta cewa ya daɗe a ciki har ya yi ƙiba. Daga ranar da ta buɗe kuma, iska da ruwa sun samu sandar gaba ɗayanta.

In aka bi sawun duk wannan, ana komawa ne ga rana ɗaya da mako ɗaya: ranar zubi da kwana bakwai na bayanta. A nan ne matsalar Damagaram ta fi ta kowa, domin maganar ruwa ce. Garinmu yana zaune kan dutse wanda ba ya riƙe ruwa, abin da muke sha daga Gogo da Machaya da Arungunza da Ganaram ake turo shi, kuma kowa ya san yadda layin bido, wato jarkar ruwa, ke tsawo in bazara ta kama. Amma abin takaici, muna ɓarnar ruwa a inda yake cutarwa, mu yi rowarsa a inda yake magani.

Kwaɓin da aka saba na ginshiƙi da dal shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, buhu 7 ke nan. A kan kowane buhu, baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa, ruwa kuma wajen lita 25, wato bido guda irin mai ruwan ɗorawar nan. In yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Yanzu tsaya ka kalli ranar zubi. Samari 20 ko fiye sun yi layi da kwanoni a ka, rana ta take, mai shebur ya gaji, na sama yana ihu a ƙaro. Kwaɓi mai tauri yana da nauyin juyawa, ba ya bin lungun ƙarfe sai an soka an girgiza. Sai wani ya kama bido ya tuttula, kwaɓi ya zama kunu, aiki ya yi sauri, kowa ya ji daɗi, fuskar dal ta fito sumul. Siminti kuwa iya abin da yake buƙata yake sha. Ragowar ruwan zai fita, kuma duk inda ya bi ya fita ya bar ƴar hanya. Waɗannan hanyoyin ne iska da gishiri za su biyo su shigo. Wani ruwan ma ba ya fita, taruwa yake a ƙarƙashin sandunan da ke kwance, ya bushe ya bar kogo, ƙarfen ya zama rabinsa ne kawai ke manne.

Washegari kuma sai rowa ta tashi. Mutane suna cewa siminti ya bushe, alhali ba bushewa ke sa shi tauri ba, shan ruwa ne. Haɗuwarsa da ruwa ce ke ci gaba kwana da kwanaki, shi ya sa ake auna ƙarfinsa a kwana na 28, kuma a kwana 7 na farko yake samun wajen kashi biyu cikin uku. In ruwan ya ƙafe, aikin ya tsaya. Wurin da ke fara ƙafewa kuwa shi ne fata, wato daidai santimita biyu ko ukun da aka ɗora wa amanar tsaron ƙarfe. Dal ɗin da aka zuba a watan Maris ko cikin busasshiyar iskar hunturu, aka yayyafa masa bido biyu da safe aka tafi, cikinsa zai iya yin ƙarfi, fatarsa kuwa ta zama kamar soso.

Na san faɗa wa mutumin da ke sayen ruwan sha a kura cewa ya shayar da rufi kwana bakwai kamar zolaya ce. Amma ba ambaliya ake nema ba, hana ƙafewa ake nema. A jiƙa dal a rufe shi da leda a danne gefuna, ko a shimfiɗa tsofaffin buhunan algarara ko yashi a riƙa jiƙawa, ko a ja ɗan bakin kwaɓi a kewaye a tsayar da ruwa kaurin yatsa. Ginshiƙi a bar masa katakonsa ƴan kwanaki, ko a naɗe shi. A yi zubi da yamma maimakon tsakar rana. Wanda ke da zaɓi ya kai zubin dal ƙarshen damina. Kuɗin ruwan mako guda a sa shi cikin lissafi tun farko, kusa da kuɗin ƙarfe, don ba kyauta ake yi wa ginin ba.

Sai lulluɓin kansa. Ƙa'idar Faransa ta BAEL, wadda injiniyoyinmu suka yi karatu da ita, ta ce santimita 1 a cikin ɗaki busasshe, 3 a inda ruwa ko raɓa ke taɓawa, 5 a bakin teku. A wuraren gininmu ragar ƙarfe tana kwanciya ne kai tsaye kan katako, in an tuna wani ya sa ƙugiya ya ɗan ɗaga ta ana cikin zubi, masu kwanoni su bi ta kai su mai da ita. Shi ya sa in an cire katako kake ganin inuwar ƙarfe a ƙasan dal kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya, a bi da yaɓe a rufe. Yaɓe ado ne, ba ya zama lulluɓi. Maganin kuwa kusan kyauta ne: ƴan matasan siminti da ake kira kal, waɗanda yaro ɗaya zai iya bugawa da ragowar kwaɓi kwana biyu kafin zubi, kowanne da ƴar waya a jiki. A baranda mai leƙowa waje ba tare da ginshiƙi ba, abin ya juye: ƙarfenta a sama yake aiki, in aka tattake shi ya koma ƙasa, barandar tana nan kamar ba ƙarfe a cikinta.

Ƙahonin ƙarfen da ke tsaye a kan rufin rabin gidajen sababbin unguwanni, ana jiran Allah ya hore a ɗora bene, su ma hanya ce. Jan da ƙarfe ke yi sama-sama ba laifi ba ne, amma damina 10 tana bin sanda tana gangarawa cikin kan ginshiƙi, a daidai mahaɗar da benen gobe zai dogara da ita. A shafe su da kunun siminti, ko a zuba musu hular kwaɓi mara ƙarfi wadda za a fasa in lokaci ya yi. Wajen saye kuma a tafi da sikeli: sanda mai milimita 12, tsawon mita 12, nauyinta kilo 10.7 ne, mai 10 kuma kilo 7.4. Wanda aka ba shi mai 10 a matsayin mai 12 ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfensa.

Ba na ɗora wa magina laifin duka. Mai gida ne ke ciniki har sai ya matse ɗan kwangila, ya ƙirga buhu, ya yi faɗa a kan fenti da tayil, amma bai taɓa hawa ya leƙa ƙarƙashin raga kafin a zuba ba. Abin da ido zai gani shi ake biya, lulluɓi kuwa ba mai ganinsa bayan awa ɗaya.

A gidan kawu ba mu bari an yaɓe ba. Wani injiniya da muka samu ya fara da hawa sama, ba ɗakin girkin ba. Can ya tarar da tankin ruwa zaune daidai saman wurin, gindinsa ya yi kore, bututun yana ɗiga ta mahaɗa. Ya sauko ya karɓi ƴar guduma ya bi rufin yana ƙwanƙwasawa. Inda lafiya yake yana amsawa ƙarau, inda ya rabu da ƙarfe yana amsawa kamar ƙwarya. Ya zagaye wuraren da alli, sai ga shi abin da ya faɗo bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saki ba. Ya ce a tokare dal ɗin tukuna kafin a taɓa komai. A fasa duk inda ya zana har a wuce bayan ƙarfen, yatsa ya iya zagaya shi, a ci gaba da bin sandar har inda take fes. A goge ta da burushin waya sai ta yi haske, inda ta rame a ƙara mata sabuwa mai cikakkiyar mahaɗa, sannan a cike da kwaɓin gyara mai ƙarfi, a shayar da shi kamar sabon zubi. Ya kuma gargaɗe mu cewa in aka yi faci a tsakiya aka bar ruɓaɓɓen kankare a gefe, tsatsa kan koma bakin facin ta ci fiye da da.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa, ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "To Malam, tankin fa?"

"Shi za a fara saukewa, Alhaji. Yau ɗin nan in da hali."

Aka sauke shi a ranar, aka gina masa ƴar hasumiya a bayan gida. Gyaran rufin ya ɗauki mako biyu, gwaggo tana girki a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya. A kusurwar ginshiƙin zaure kuma akwai wata siririyar tsaga da injiniyan ya ja wa layi biyu da fensir, ya rubuta kwanan wata a gefe, ya ce a sake aunawa bayan damina.